Mai Kawo Mana Tabarma

Zuwa ga Dogona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa a bakin mai ƙishi, farin watan da ya leƙo tagata tun ina budurwa bai kuma koma ba, uban 'ya'yana, abin tinƙahona a gaban duk matan layinmu na kasuwa. Ina gaishe ka, ina gaishe da bayan nan naka, tunda yanzu shi ne mai faɗa a ji a jikinka.

Daga shago nake rubuto maka, a kan tulin labule, rana ta yi tsaka ciniki ya lafa. Kar ka ce me ya hana ni kiran waya. Ka san bakina, in na buɗe shi yau sai na faɗi abin da ruwa da sabulu ba za su wanke ba. Biro ya fi ni haƙuri.

Ka tuna bara, da ciwon baya ya kayar da kai? Kujerar motar ofis ta cinye maka ƙugu, tumbi ya yi gaba, ƙarfi ya yi baya, ko takalmi ni nake durƙusawa in sa maka. Likita ya ce allura ba za ta yi ba, tsakiyar jikinka ce ta saki, sai ka ƙarfafa naman ciki ya riƙe bayan. Ya nuna maka abin da ya kira katako: ka kife a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe samɓal, ƙugu kar ya tashi sama, ciki kar ya zubo ƙasa, kana jan numfashi a hankali. To wa yake ture kujerun falo kowace safiya? Wa ya yanko maka leda mai taushi daga bandir ɗin da ko ƙanwata ban taɓa yankar wa kyauta ba? Kai ka kife, ni na kife a gefenka, uwar 'ya'ya da zani ɗaure tamau, hannuwanmu na karkarwa kamar ganye a bakin hadari. Kana cewa ka mutu, ina cewa to mutu a miƙe. Ran nan ka faɗi tim, na faɗo a kanka, muka yi ta dariya har maƙwabciya ta buga mana bango. Wayyo Dogo! Da a ranar an ce in zaɓa tsakanin wannan dariya da kasuwar nan kaf da kayan cikinta, wallahi da ko waiwayar kasuwa ba zan yi ba.

Allah ya ba ka lafiya. Tumbi ya koma inda ya fito, ka miƙe kamar bishiyar da ta sha ruwan farko, ka fara tafiya ƙasa na amsawa. Mutanen ofis suka ja ka ajinsu na yoga, motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi a kan tabarma, can saman kantin magani, ran Asabar. Na yi murna, na ce mijina ya shiga cikin manya. Sai wata rana ka ce tabarmin wurin sun siɗe, santsi suke. Kai magana ka yi ka wuce, amma kunnen 'yar kasuwa ba ya barci. Na yanka leda daidai tsawon mutum, na kai aka daje bakin kowace, na naɗe, na ɗora a ka, na hau benen nan ina haki, ina cewa yau zan fitar da Dogona kunya.

Wa ya gaya mini cewa a ɗakin nan ba a magana? Wa ya ce da ni ana tuɓe takalmi a ƙofa, ana shiga kamar mage? Na banka ƙofa, na rangaɗa sallama irin ta kasuwa. Sai ga mutane jere a ƙasa, kowa a kife, shiru, sai wani kiɗa siriri kamar kukan sauro. Ban ga fuskar kowa ba, amma na gane ka nan take. Ina zan ɓatar da ƙafafun da na sha murza wa man zafi? Na ce, “Dogo, ga tabarmi na kawo!”

Ba ka ɗago ba.

Wasu sun ɗago, har da wani mai furfura da gwiwarsa ta zame don dariya. Kai kuwa idonka na ƙasa, gumi na ɗiga daga hancinka, kamar da bango nake magana. Na tsaya da kaya a ka har malamar ajin ta ce a huta. Wata 'yar ofis ɗinku mai dogon farce ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ka ko ka san ni. Kai, zumata, kai da na haifa wa 'ya'ya, ka goge fuska da tawul ka ce, “Mai kawo mana tabarma ce.”

Haba Dogo! Haba hasken idona! Kunama ta sha harbina a cikin kaya, ban taɓa jin dafi irin na wannan rana ba. Na yi murmushi, don 'yar kasuwa ba ta kuka a gaban mai saye. Na sayar da tabarmin kaf, har malamar ta ɗauki tata. Sai a kan matakala na zauna na yi abin da ido ya so.

Da ka dawo gida ka ce wai a katako ba a ɗaga kai, wuya sai ya yi daidai da gadon baya, in ba haka ba a ji ciwo. Ni za ka koya wa katako? Ni da nake danna maka ƙugu da tafin hannu in ya tashi? Na yarda, wuya yana da doka. To harshen fa? Shi ma a kife yake bayan an tashi? Shekara da shekaru ina sayar da labule, na san yadda ake naɗe yage a cikin ninki a nuna wa mai saye gefen da ya yi kyau. Ni ce yagen naka ke nan, ko? Zanina ne ya yi maka tsufa, ko muryata ce ta yi maka kauri a gaban masu takalmin roba fari?

Tun daga ranar ina gidan Yaya da yara. Ka aiko ƙaninka da turare, wai in daina mai da allura garma. Turaren na nan ban buɗe ba. Auta kullum sai ta tambaya yaushe za mu koma, ni kuma in ce Abbanki yana motsa jiki. Yaya tana ta zuga ni in bar mijinta ya tara manya a yi ta ta ƙare. Ina ce mata ta dakata, don zuciyar nan tawa marar kunya har yanzu in ta ji ƙarar mota a bakin titi sai ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban saba roƙo ba. Malamarku ta aiko in ƙaro mata tabarmi ran Asabar mai zuwa. Zan zo. Zan tuɓe takalmi, zan kama bakina, zan tsaya a gefe har ku gama numfashinku. In an tashi, ka taso ka sauke mini kayan da hannunka, ka juya ka ce da su, wannan matata ce. Shi ke nan, ba na son turare, ba na son ban haƙuri, daga nan sai mu biya gidan Yaya mu kwashi yara. In kuwa wuyan ya sake ƙagewa, zan miƙa wa malama kayanta, in rusuna in ce maka ranka ya daɗe kamar kowane mai saye, in sauka. Daga nan ba zan ƙara tare bakin Yaya ba.

Ko ka san ni a gaban mutane ko ka ƙi, babu wani bayanka a wannan ƙirji, kuma ba za a yi ba har a rufe ni. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Taka jiya, taka yau, mai jiran Asabar,
Matarka.