Allurar da Ta Tsaya a Tsakiya

Madarumfa, ranar Alhamis da hantsi

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar ƙane ga wansa da addu'ar Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu motar da ke lodin inda kake. Da kana nan ma da rubutuna za ka fara yi wa dariya kafin ka karanta. Amma shekara uku ke nan ina ɗauke da wata magana, kuma kai ka fi kowa haƙƙin jin ta.

Bari in fara da gida. Inna tana nan, gwiwa ce ke damun ta, baki kam lafiya lau. Matarka Barira ta gama takaba ta koma gidansu a Safo, bara ta auri wani mai awon hatsi, mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. 'Yarka Rakiya tana wurin Inna, tana aji huɗu a lakwal, makarantar boko, ta ɗauko goshinka da taurin kanka gaba ɗaya. Tafki ya cika bana har ya ci lambun Kawu. Tun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa kayan gyara suka zama sai mai hali, amma motarka kat-kat tana nan hannuna, ina jigilar 'yan kasuwa da ita. Ta tsufa, ƙofar baya da igiya nake ɗaure ta, inji dai bai taɓa ba ni kunya ba.

A kanta zan yi magana, kai ma ka sani.

Ka tuna sa'ad da ka saye ta wurin mutanen froje, masu aikin nan na Turawa, allurar agogon zafi kullum kwance take a ƙasa? Shekara biyu na tuƙa ta haka, in na duba na gan ta a kwance sai hankalina ya kwanta. Kai kuwa abin ya hana ka sakat. Ka ce an cire mata kalorsta, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Ka ce inji kamar ɗan Adam yake, yana da zafin jikinsa, in ya yi sanyi da yawa ba lafiya ba ce, mai yake sha, hayaƙi yake yi, yana cin kansa a hankali. Ka je Maraɗi ka nemo shi ka sa mata, ka zo tasha wurin mai shayi kana bayani cewa daga yau allura a tsakiya za ta riƙa tsayawa, kuma nan ne mazauninta, wurin ja na ƙarshen agogo ne kawai abin tsoro.

Aka yi ta dariya. Duk ƙasar nan wane makanike ne ba ya cire abin nan ya jefar? Alhaji Mati mai manyan motoci ya ce don ƙasashen ƙanƙara aka ƙera shi, mu da rana ke soya ƙwai a kan bonet me za mu yi da mai ƙara zafi. Kowa ya yi dariya, amma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Na ce wata shida ka yi a garejin froje ka dawo mana Bature. Ka dube ni, ka shanye shayinka. Me zai rage ni ranar nan in na yi shiru na saurare ka?

Kwana tara bayan haka, ranar Talata, muna maimai a gonarmu ta wajen Gabi, Barira ta kawo mana fura. Ka sa hannu gindin sabara za ka ɗauko buta, gamsheƙa ta sare ka. Rana ba ta kai tsaka ba. Muka ɗaure hannun, muka kwantar da kai a kujerar baya, kanka bisa cinyar Barira, na tayar da mota. Tun ranar da ka yi gyaran ban tuƙa ta ba, ranar ce ta farko.

Ba mu yi nisa ba na ga allura ta tashi daga inda na saba ganin ta. Tana hawa, tana hawa, har ta kai tsakiya. Ka tuna tsohuwar bashe, a-kori-kurar nan da na ƙona wa kulas, wato kan inji, a hanyar Ɗan Isa don ban kula da agogo ba? Mako guda ba ka yi mini magana ba, da ka buɗe baki kuma abin da ka ce shi ne direban da ba ya duban allura makaho ne. To ranar nan na duba. Na ce a raina in inji ya buga a dajin nan, cikin taɓo, babu mota gaba babu baya, shi ke nan na kashe ka. Na ratse gindin wani gawo na kashe inji.

Ka ɗago kai ka tambayi inda allurar take. Na ce tsakiya. Ka ce daidai take, in ci gaba. Sau uku ka faɗa, da bakinka, da hankalinka, ban ji ka a baibai ba. Na ce dafi ne ke magana. Barira ma ta sa baki ta ce ka bar ni, ni ke ganin abin. Ka san murfin lagireto ba ya buɗuwa da zafi, sai ya watsa wa mutum tafasasshen ruwa a fuska, don haka na tsaya jira ya huce. Na yi ta kewaya mota ina shafa bonet kamar mai jinyar jaki, kai kana ciki fatar idonka tana nauyi. Da na buɗe, ruwa na nan cike har baki. Ko ɗigo bai ragu ba.

Nan ya kamata in gane. Ban gane ba, ko kuwa ban so in gane ba, don ganewa na nufin kai ke da gaskiya tun a tasha.

A ɗakin shan magani na Madarumfa majo, babban malamin jinya, ya yi abin da zai iya, ya rubuta mana takarda ya ce mu wuce Maraɗi kada mu tsaya ko'ina. Muna fita gari allura ta koma tsakiya. Na sake tsayawa. Wannan ta biyun ita ce ba ni da abin da zan kare kaina da shi, gaban Allah ko gabanka. Na ɗauki bido, jarkar ruwan mota, na gangara bakin ruwa, na dawo na yi ta kwarara wa lagireto ta waje, na sake jira. Lokacin harshenka ya riga ya yi nauyi, ba ka iya magana. Hannunka mai lafiya kake bugawa a bayan kujerata, a hankali, kana ƙara bugawa. Har yau in ina tuƙi wani fasinja ya taɓa bayan kujerar nan sai gabana ya faɗi.

Mun shiga Maraɗi ana sallame la'asar. Kafin mu kai ƙofar likita, wato babban asibiti, Barira ta kira sunanka sau biyu, ta yi salati.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare, ko da jirgi aka ɗauke ka ba za ka ƙara numfashi ɗaya ba. Na yarda, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba, kuma babu wanda zai iya ce mini da mun isa da wuri ka tashi. Amma abin da ya biyo baya ba ajali ba ne, aikin bakina ne. A zaman makoki aka tambaye ni abin da ya tsayar da mu, na ce mota ce ta yi zafi. Alhaji Mati ya girgiza kai ya ce ai sun faɗa maka. Kafin sadakar bakwai magana ta gama gari, wai gyaranka ne ya ci ka.

A lokacin ni ma haka na ɗauka. Bayan arba'in na kai motar Maraɗi wurin wani tsohon makanike, Baba Ango, na ce ya cire mini abin nan da ya kashe yayana. Ya cire, ya juya shi a hannu, ya tambaye ni inda allura ta kai. Na faɗa masa. Ya jawo tukunya da ruwa ya ɗora a kan gawayi, ya jefa ƙarfen ciki. Kafin ruwan ya tafasa na ga bakin ƙarfen ya buɗe da kansa, tsaf, yadda ka ce. Ya nuna mini lamba tamanin da biyu da aka buga a jikinsa, ya ce nan yake buɗewa, kuma inji mai lafiya daga nan zuwa casa'in yake aikinsa, wato tsakiyar agogo. Ya ce wanda ya sa wannan ya san aiki. Ya tambaye ni ko a mayar.

Na ce a'a. Na kawo shi gida na sa a gwangwanin madara na cusa a saƙon azara. Daga ranar nan na san gaskiya, kuma daga ranar nan shiruna ya zama ƙarya. Shekara uku, Yaya. A tasha ka zama abin misali, duk wanda ya zo da wata sabuwar dabara sai a ce masa ya tuna Lawali. Ina zaune ake faɗa, kofin shayi a hannuna. Barira duk sa'ad da muka haɗu sai ta yi mini godiya, ta ce na yi iyakar ƙoƙarina. Wace irin godiya ce wannan da ke ƙona mutum haka? Kai da ka goya ni zuwa makarantar allo, ka koya mini riƙe sitiyari, ka tsaya mini a aurena, abin da na biya ka da shi ke nan. Na bar sunanka a bakin mutane don in tsira da nawa. Kunya nake ji, kuma ba ta raguwa.

Ran Litinin Rakiya ta dawo daga lakwal da yagaggen ɗankwali. Faɗa ta yi da wata yarinya da ta ce mata uban Rakiya bai iya gyara ba, shi ya kashe kansa. Inna ta yi ta faɗa, ita kuwa ta wuce kowa ta zo ta tsaya gabana, ta tambaye ni ko gaskiya ne. Idonka ne a fuskarta. Na ce ta bari sai jibi.

Shekaranjiya na ciro gwangwanin na mayar da kalorsta da hannuna. Jiya na roƙi malaminsu ya ba ni ita, na sa ta a kujerar gaba, muka tafi gonar Gabi. Na nuna mata sabarar, tana nan. Na nuna mata agogo na ce ta sa ido a kan allura, kada ta ɗauke. Muka taso rana ba ta kai tsaka ba, daidai lokacin ranar nan, ga damina, ga taɓo. Allura ta hau ta tsaya a tsakiya. Muka wuce gawon. Muka ratsa Madarumfa, muka wuce inda na gangara da bido. Ba ta ƙara ko kaurin gashi ba. Na tsayar da mota a ƙofar likita ta Maraɗi ko alwalar azahar ba a fara ba.

Ashe hanyar ba ta da nisa, Yaya.

A nan cikin mota na faɗa mata duka. Na ce ubanta ya fi duk mutanen tasha sanin inji, ya ce in tafi, ni ne na ƙi. Ta tambayi dalili. Na ce tsoro, da kuma girman kai, don na riga na yi maka dariya gaban jama'a. Ba ta yi kuka ba. Har muka dawo gida fuskarta na waje, yau da safe kuma ta wuce ni ba ta gaishe ni ba. Inna ta ɗaga murya za ta tsawata mata, na ce a ƙyale ta, tana da gaskiya.

Gobe Juma'a, in an sauko masallaci, zan je tasha da tukunya. Zan sake ciro ƙarfen in dafa shi a murhun mai shayi, gaban Alhaji Mati da duk wanda ya yi dariya, in faɗi wanda ya tsayar da mota da wanda ya ce a tafi. Sannan Safo, wurin Barira, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, don za ta tuna ita ma ta ce ka bar ni. Zan ce mata ita kanka take riƙe da shi, ni ke kallon allura, kuma ni aka yi wa bayani. Ko za ta yarda ban sani ba.

Ban san ko wanda ya tafi yana iya yafewa ba, amma ina roƙo. Ka yafe mini tsayawar farko, da ta biyu, da shirun shekara uku, da dariyar nan ta tasha wadda ita ce uwarsu duka. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa iyakar wahalarka ke nan a bayan motar nan. In na gama da tasha zan mayar da ƙarfen, gyaranka zai zauna a cikinta har ranar da za ta daina tashi.

Sai mun zo.

Ƙanenka da bai ji maganarka ba,
Hamisu