Kwanon da Ya Koma Kasuwar Albasa

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, na zo maka da labarin autanka Bashiru.

Baba, bayan rasuwarka Bashiru ya shiga harkar kai fetur garin Kwanni na Nijar ta ɓarauniyar hanya. Rigima ta kaure a can, ya ji wa wani rauni, aka ɗaure shi. Da ya fito, duk rumfar da ya je neman ko da ɗinkin buhu ne sai a ce masa an cika. Na bi mutane ina roƙo, amma ka san shaidar ɗan'uwa ba ta ci a kasuwa, balle ni malamin Islamiyya da ban san kan albasa ba. Har ya fara zancen tsallakawa Nijar kada ya sake dawowa, ga Inna ta tsufa.

A kwanakin nan na yi ta tuna rumfarka. Duk wanda ya fito daga gidan kaso ya rasa mai amsa masa sallama, wurinka ake turo shi. Ba ka yi masa wa'azi, ba ka tambayar me ya kai shi. Wurin wanzami kake fara kai shi, sannan ka jira ranar kasuwa, lokacin da 'yan ƙauyukan Lafani da Gidan Katta suka cika gari. Sai ka shimfiɗa tabarma a bakin rumfa, ka buɗe kwanon tuwon da Inna ta aiko, ku sa hannu tare. Kana cewa, "Ci da kyau, kasuwa na kallo."

Inna kuwa mita take yi, wai kwanon gidanmu ya fi alƙali sanin ɓarayin garin nan. Amma ba ta taɓa rage man shanu a miyar ba.

In wani ya yi gunaguni, amsarka ɗaya ce: "Alƙali ya gama nashi, ku mi an naku? Kaso ba kushewa na ba." Washegari sai a ga mutumin yana tsintar albasa ko lodi, don wanda ya ci kwano ɗaya da kai ba mai iya korarsa.

Ba duka suka riƙe amana ba, na sani. Akwai wanda ya gudu da kekenka, ka yi wata guda kana zuwa kasuwa a ƙasa, kana cewa likita ne ya sa ka.

Ka tuna Garba na Tozai, wanda aka ɗaure kan satar raguna, yara na kiransa Garba Kaso? Yanzu Alhaji Garba ne, da rumfarsa da motar lodi. Makon jiya ya zo har ƙofar gida, ya gaida Inna, ya tambaya ko kwanon nan mai tsagaggen murfi yana nan. Yana nan, a ƙarƙashin gadonta. Ta hana matata taɓa tukunya, da kanta ta tuƙa tuwon.

Ranar kasuwa na tsaya daga nesa. Alhaji Garba ya shimfiɗa tabarma a bakin rumfarsa, ya zaunar da Bashiru, ya buɗe kwanon. Bashiru ya kasa kai loma baki. Sai na ji Alhaji ya ɗaga murya da kalmominka, bai sauya ko ɗaya ba: "Ci da kyau, kasuwa na kallo." Baba, ni da girmana, hawaye na yi a tsakiyar kasuwa, na kuwa ɗora wa albasa laifi.

Yau da asuba Bashiru ya fita da basilla da igiyar ɗinkin buhu. Bai ƙara zancen Nijar ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya karɓe ka yadda ka karɓi waɗanda kowa ya juya wa baya. Inna ta wanke kwanon, amma ta ce ba za ta mayar da shi ƙarƙashin gado ba.

Ɗanka mai kewarka,
Nasiru