Sandar Baba Almu

Daga garin Wad Haddad

Ɗana Mujtaba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina aiki a Dubai? Mu nan alhamdu lillahi, gwiwa ce kawai ta hana ni zuwa hawasha, gonar audugarmu. Ƙanwarka Widad ke rubutawa, ni ke faɗi.

Ta ce ka aiko saƙo wai ka tafi hawan dutse, kwana goma sha biyu. Ya waladi, sai da na yi guɗa. Wane dutse Musulmi ke barin aikinsa ya hau in ba Arfa ba? Ta ce ba Makka ba ne, na ce ta rufe mini baki, ka ɓoye ne don ka faranta mini.

Ka san sandar da na ba ka ranar tafiyarka. Da ita kakanka Almu ya taso daga Sakkwato a ƙasa da niyyar Makka, shekara bakwai, yana yi wa fatake dako don ya ci. Nan garin ya faɗi cikin gonar auduga, bai ga ko tekun da ake ƙetarawa ba. Ya ce mini in shi bai isa ba, sandarsa ta isa. Na yanka tunkiyata na yi karama, sadakar godiya, duk unguwa ta ci. Na sa an rubuta Alhaji Mujtaba a bakin ƙofa. Ka dafa ta bisa Arfa ka kira sunansa.

Uwarka, Mero

Mujtaba,

Sallama. Lafiyarka na gan ta da idona, ka yi ƙiba.

Na tara mata a tsakar gida su kalli Arfa a wayar Widad. Sai ga ƙanƙara. Ga ka cikin tanti mai gado da murhu, wani na zuba maka gahawa, wani na cire maka takalmi. Widad ta karanta mana: Nefal, kuma wai gindin dutsen kawai kuka biya a kai ku, ko hawansa ba ku yi ba. Habiba maƙwabciya ta tambaya ko can ma ana jifan Shaiɗan, ko sanyi ya kashe shi. Yanzu Alhajin Ƙanƙara ake kiranka har a kasuwa.

Dariyar na iya ɗauka. Amma na ga inda ka soke sandar ubana cikin tarin duwatsu mai tsummoki kala-kala, ka ɗauki hoto, ka juya ka bar ta. Ka ce wa abokanka ai nan ya fi Arfa tsawo.

A bayanka akwai wani dattijo, igiya a goshi, kayanka sun tanƙwara shi. Haka wuyan Baba yake. Sau biyar na sa aka maimaita wurin, shi nake kallo.

Kada ka aiko da kujerar hajjin da Widad ta ce kana shiryawa. Me zan riƙa in tafi? In ka san sunan dattijon nan, ka aiko mini, shi zan riƙa sa wa albarka bayan salla. Naka na sa an shafe daga bakin ƙofa.

Wassalam,
Mero 'yar Almu