Ƙugin Jitata

Azare, daren Laraba

Yau na jona jitar da na haɗa da lasifika, sai ƙugi kamar ƙudan zuma a tulu. Abin mamaki, in na taɓa ƙarfen bakin waya sai ta yi tsit. Ina saki, ƙugin ya dawo.

Malam Bukar mai gyaran rediyo ya juya ta, ya yi dariya. "Kai, har ƙarfen da ke riƙe tsirkiya ka shafe? Fenti ne ya hana waya taɓa shi. Kankare."

Sau uku na shafa jan fentin nan, kwana shida yana bushewa. To, gobe zan kankare. Amma na manta ban tambaye shi ba: ƙugin da yatsana ke shanyewa, ina yake zuwa a jikina?