Baitin Macen Nan Maganata Ce

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin a sakaya sunana, a kafen intanet nake rubutun nan ina waige-waige. Don Allah ku ba ni shawara, na rasa tudun dafawa.

Ni malamar firamare ce a wajen Kura. Ina 'yar sakandare na fara son wani saurayi mai ban ruwa a gonar tumatirin babansa, ni kuma ina kai wa yayyena abinci gona, a bakin kanal ɗin ban ruwa muka saba. Komai sai ya rera shi, ko ruwa zai buɗe da waƙa yake buɗewa. Da ya ce zai tafi Kano ya zama mawaƙi ni da bakina na ce ba zan iya jira ba, ba wanda ya tilasta ni. Ranar rabuwa na ce masa ruwan da aka saki a kanal ba ya komawa dam, ya yi haƙuri. Ina kuka na faɗa, na zaci maganar ta mutu a nan.

Daga baya na auri mutumin kirki, mai injin casar shinkafa. Bana sai ga wani kaset ya fito, kowane mai shayi shi yake sawa. Jin farko na gane muryar tsohon saurayina ce, da macen da suke waƙar tare ta karɓa kuwa sai na ji maganata ce ta ranar rabuwa tiryan-tiryan, har da kukan. Maigidana kuma ya mutu a kan waƙar nan. Kaset biyu ya saya, na gida da na wurin inji, in nishaɗi ya motsa sai ya ja baitin namijin da muryarsa kamar injin ban ruwa, ya ce, "Malama, karɓi na macen mana." Ina karɓa hawaye na zuba, shi yana dariya wai cikin da nake ɗauke da shi ne ya sa ni saurin kuka.

Wata mai zuwa zan haihu. Jiya ya dawo yana washe baki, wai har Kano ya je ya nemo mawaƙin, zai zo ranar suna ya rera mini waƙar a tsakar gidanmu, tunda ya ga yadda take taɓa ni. Wai da ya faɗi garinmu da sunana, mawaƙin ya ce zai zo, kuma ba zai karɓi ko sisi ba.

Wallahi ban ci amanar kowa ba, amma ba zan ɓoye muku ba, inda na zaci ya warke bai warke ba. In na faɗa wa maigida tsoro nake ya daina yarda da ni, in na yi shiru yayyena za su zo suna, kuma sun san komai. Na san maigidana sarai, a gaban mutane zai ce in karɓi baitin macen. Jama'a, in faɗa masa tun yanzu, ko in tsaya in karɓa?