Shaidar da na ƙara wa gishiri

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Adimin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau mai ba mutane dariya ne ya kasa dariya.

Ni makanike ne a Arlit, daga Maraɗi na zo tun ina da gashi a kai. Lokacin tawaye 'yan bindiga uku suka tare kamiyonmu, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, na ɗauka ƙarshena ya zo, ashe radiyaton motarsu ne ke yoyo. Na gyara musu, suka ba ni shayi, suka sake mu. Ko addu'a ban yi ba, tsoro ya hana ni tuna sunan Yesu.

Ran Lahadi a majami'a fasto ya ce in ba da shaida, ni kuwa akwai baki, sai na ce na durƙusa na yi addu'a bindigoginsu suka ƙi tashi. Aka yi ta Halleluya, ya yi mini daɗi. Kowace shekara mutum ukun nan sai sun haihu, bara sun kai arba'in. Tun da kamfanin haƙar ma'adinai na garin ya rage ma'aikata rabin ikilisiya suka koma gida, ni ake sawa in yi addu'a, alhali ni kaina na daina jin akwai mai saurare. Ina rufe ido ne kawai, baki ya yi aikinsa.

To ga Ayuba, direba ne cikinmu, 'ya'yansa huɗu, aikinsa ya tafi. Ya sami lodin ruwa zuwa mahaƙar zinariya ta Tchibarakaten, kuma ba zai jira rakiyar sojoji ba. Matarsa Rahila ta hana shi, suka yi faɗa, ya ce mata Allahn da ya toshe bindiga arba'in saboda Baba ba zai bar shi ba. Baban nan ni ne. Jiya Rahila ta zo garejina tana kuka, ta ce tunda ya ƙi ji, in ɗora masa hannu kafin ya tashi ran Litinin.

In na faɗi gaskiya, 'yan tsirarun da suka rage za su gane maƙaryaci ne ke musu addu'a, wasu bangaskiyarsu a kan labarina ta jingina. In na yi shiru, ni na tura shi hanyar nan. Shi kaɗai zan kira in faɗa wa, ko in miƙe gaban ikilisiya? Kuma wanda bai tabbata ana jinsa a sama ba, ta ina zai fara tuba?