Jaka Mai Lamba Sittin da Biyu

Da sunan Allah mai rahama. Ni ce uwarku, kakar 'ya'yanku, nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka yi murabus. Wanda ya ce tsohuwa ta ruɗe, ya zo in tuna masa shekarar da ya daina fitsarin kwance.

Shekara uku ke nan ban taka ƙasa ba. Ina hawa na huɗu a gidan 'yata Farfesa, tagata na kallon bangon maƙwabta da bututun ruwa. Likita ya fara yi mini murmushi da yawa, na kuma gane karatun. To, ga wasiyyata.

Na ɗaya. Keken ɗinki na matar ɗana Makaniki ne, ita kaɗai ba ta taɓa karya mini allura ba. Rediyo da bargo jikoki su raba, in sun iya ba tare da kuka ba.

Na biyu. Farfesa, nemi kujera. Kin tuna kina ɗaliba, kika dawo daga yawon ƙauyuka da jakunkunan wake, kowace da lambarta, kika jera mini su a ɗakin girki? Wata rana baƙi suka faɗo, wakena ya gaza, na juye jaka guda a tukunya. Sai da aka suɗe kwano na ga lambar: sittin da biyu. Tsoron bakinki ya sa na shiga filin da ke bayan gidanmu, na tsinko mai kama da shi cikin waken da uwata ta bar mini, na cika jakar na ɗaure.

Sauran kin fi ni sani. Cuta ta cinye gonar gwajinku, sittin da biyu kaɗai ya tsaya kore shar. Kika rubuta cewa daga wani ƙauye na kan dutse ya fito. Masana suka yi ta ambaton takardarki, ke da kanki kike karanto mini adadinsu. Manoman da ba ki taɓa gani ba suna shuka jikokinsa. Sau biyar kina tura ɗalibai kan dutsen nan neman danginsa, suna dawowa hannu rabbana, ni kuwa ina yi musu sannu da hanya. Shekara ashirin da biyu maganar tana maƙale mini kamar ƙayar kifi, ba ta haɗiyuwa, ba ta fitowa. Duk lambar yabon da kika rataya a falo, sai ƙayar ta ƙara shiga. Da farko, tsoro ne ya hana ni faɗa, daga baya kuma sunanki.

Na uku. Makaniki, dangin waken nan da ake nema suna bayan tsohon gidanmu, jikin katanga, inda kake jibge tayoyi. Akwai ja, da mai zane, da wani baƙi ƙanana da ko ni ban san sunansa ba. Ba mai shuka su yanzu, su suke zubar da kansu su tsiro. Matarka ta gaya mini ran ɗaya ga wata za a zuba siminti a wurin don faɗaɗa gareji. Saura kwana tara ke nan. Na so a buɗe takardar nan bayan na tafi, in tsira da kunnena, amma mai siminti ya fi ajalina gaggawa. Shi ya sa za ku same ta yau, ina kwance a nan, ba ƙafar gudu. Ka dakatar da shi. In siminti ya hau, ba wani wuri a duniya da na san za a same su.

Na huɗu. Shekara shida ba ku gaisawa, tun da ta ce kai jahili ne, kai kuma ka ce tana kirga wake ana kiranta mai ilimi. Ku duka kun yi ƙarya, ni na haife ku na sani. Filin waken nan na ba ku shi ku biyu tun ina numfashi. Mukulli yana hannunka, sanin abin da ke ciki yana kanta. Ku san yadda za ku yi.

Na biyar. Farfesa, ki gyara takardunki, ko da za a yi miki dariya a taro. Ki ce uwarki ce ta dafa binciken. Inda aka rubuta kan dutse, a sa bayan tsohon gidanmu, da sunan kakarki. Ba ta san baƙi da wasali ba, amma ba ta taɓa cinye iri ba ko a shekarar yunwa. Ni ce na fara cinye shi.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku, ya sa ku gama lafiya. Ku riƙe juna, kada jikokina su tashi suna tambayar wane ne kawunsu. Ku yafe mini in kun huce. Amma kafin ki shigo yi mini faɗa, 'yar nan, ki kira wanki. Ku tafi a mota ɗaya, da sassafe, kafin rana ta fasa kwanson waken.